Fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin: yadda nake bin sawun matsalar

Bayan sallar la'asar wata ranar Asabar, wani dattijo ya tsaya da mota a ƙofar shagon da nake aiki a nan Jidda, ya sa yaronsa ya kinkimo akwatin kwamfuta daga but. Mutumin Katsina ne, sana'arsa haɗa kayan 'yan umara yana aika musu gida, kuma lissafin wanda ya biya da wanda ake bi bashi duk yana cikin wannan akwati. Ko gaisawa ba mu ƙarasa ba ya ce, "Malam, ta mutu. Na kai ta wani shago sun ce madabod ta ƙone, wai in kawo riyal 400, kuma sai an wanke ta tas an sake zuba mata Windows." Na ce, "Alhaji, in an danna tana kamawa?" Ya ce, "Tana kamawa mana, fanka har da gurnani. Allon ne dai baƙi ƙirin kamar gindin tukunya." Na ba shi kujera, na aika a kawo masa shayi, na ce ya ba ni zuwa magariba.

Zan dawo kan abin da na tarar a cikinta. Amma tun da wuri bari in cire maka fargaba ɗaya. In ka danna kwamfuta ta kama, allo bai nuna komai ba, ko da tambarin kamfanin da ya ƙera ta, to matsalar ba ta ma shafi Windows ba, balle inda takardunka da hotunanka suke. Suna nan kwance a had-disk abinsu. Duk wanda ya ce maka maganin shi ne a yi fomatin, wato a goge komai a sake zuba Windows, ka tambaye shi da wane allon zai duba ya yi fomatin ɗin.

Ga abin da ke faruwa in ka danna maɓalli. Kafin Windows ta farka, a jikin madabod, wato babban faifan da duk sauran kayan ke jone a kansa, akwai wani ɗan shiri da ake kira BIOS, a sababbin kwamfutoci kuma UEFI. Aikinsa na farko kiran suna ne, irin na malamin aji: furosesa, ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, tana nan? Ram, sandar da ke riƙe aikin da ake kan yi, yana nan? Mai fitar da hoto fa? In kowa ya amsa, sai tambari ya fito a allo. In ɗaya ya yi shiru, aji ya tsaya cak a nan. Ita kuwa fanka ba ta cikin rajista. Da ta ɗanɗani wuta mai ƙarfin bolt 12 sai ta hau juyawa, ko da sauran kayan duk sun mutu. Saboda haka juyawar fanka shaida ce kawai ta cewa wuta ta shiga akwatin. Aikinka shi ne ka gano wa ya ƙi amsa sunansa, ko kuwa kowa ya amsa, hoton ne ya ɓata a hanya tsakanin akwati da allo.

Ni kafin in ɗauki sukundireba, tambaya nake fara yi: me aka yi mata na ƙarshe? Amsar kullum ɗaya ce, "Wallahi ba abin da aka yi." Sai ka ɗan ja hira, can sai ta fito cewa an matsar da tebur don shara, ko wuta ta ɗauke tana cikin aiki, ko wani ɗan'uwa ya ƙara mata ram, ko an yi ƙaura daga wata unguwa. Mu da muka ga yadda aka rushe unguwanni da dama a kudancin Jidda daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, mun ga kwamfutocin da suka sha jijjiga a bayan a-kori-kura suka iso sabon gida suka ƙi nuna hoto. Rabin aikin yana cikin wannan amsa, don haka ka yi wa kanka tambayar da gaskiya.

Fara da monita, wadda a nan muka saba ce mata shasha. Bar akwatin tukuna. Danna maɓallin menu da ke jikinta. In jerin saitinta ya fito, ko wani ɗan rubutu na No Signal yana yawo, to lafiyarta ƙalau, jira take a aiko mata hoto. In ko 'yar fitilarta ba ta kama ba, duba wayar wutarta da adafta in tana da ita, ka sauya soket. Akwai kuma wadda fitilarta ke kamawa amma fuskar duhu: kashe wutar ɗaki, ka kara tocilar wayarka dab da gilashin, ka duba ta gefe. In ka hango inuwar rubutu can ciki, hasken bayan gilashin ne ya mutu, kwamfutarka ba ta da laifi. Sannan ka tabbata monitar tana sauraron ƙofar da ka shigo ta ciki. Da yawa suna da HDMI 1 da HDMI 2 da VGA, kuma ba duka ke gane inda aka jona da kansu ba. Hanya mafi sauri ita ce ka kinkimi akwatin zuwa falo ka jona shi da talabijin.

Akwai wata dabara da ba ta cin ko sisi. Kunna kwamfutar, jira kamar minti ɗaya, sai ka danna Num Lock ko Caps Lock a kibod mai waya. In 'yar fitilar tana kamawa tana mutuwa daidai da dannawarka, akwai alamar kiran suna ya wuce lafiya, sai ka mai da hankali kan waya da monita da katin hoto, wato faifan da ake soka wa madabod don ya fitar da hoto. In ta ƙi motsi sam, to da sauran rina a kaba, matsalar tana cikin akwati.

Wayar hoto kuwa ta fi kowa cin amana. Tsohuwar VGA, mai shuɗin kai da allurai 15, in allura ɗaya ta lanƙwashe ko ta yi tsatsa sai launi ya juye ko hoton ya ɓace gaba ɗaya. Zare ta ka leƙa cikin kan. Amma abin da ya fi kama mutanenmu yanzu shi ne wayoyin juyi. Yawancin tsofaffin kwamfutocin ofis da ake samu a Harajin Sawarikh, wato kasuwar kayan gwanjo ta nan Jidda, irin su Dell OptiPlex 7010 da 9020, ba su da HDMI, suna da VGA ne da DisplayPort, wato ramin nan mai kama da HDMI amma kusurwa ɗaya kaɗai aka yanke masa. Sai mutum ya sayo waya mai DisplayPort a kai ɗaya, HDMI a ɗayan. Irin wannan waya hanya ɗaya take bi: daga DisplayPort na kwamfuta zuwa HDMI na allo. In ka juya ta, ba za ka ga komai ba har ka gaji. Haka ma ɗan akwatin da ke juya HDMI zuwa VGA. Kuma in za ka zare DisplayPort, lura ko kan yana da ɗan madanni. Wasu suna da haƙoran da ke riƙe ramin, in ka fizga da ƙarfi sai ka taho da shi.

Wani matashi, ɗan wata Hajiya maƙwabciyarmu, ya shekara yana tara kuɗi ya haɗa kwamfutar wasa da hannunsa. Ya kira ni da daddare murya na rawa: "Kawu, na ƙona ta." Na ce ya ɗauko hoton bayan akwatin ya turo mini. Ina gani na yi dariya. Ya soka HDMI a sama, kusa da ramukan USB, wato a jikin madabod, alhali katin hoton da ya kashe wa rabin kuɗinsa yana can ƙasa, ramukansa a kwance, har da murafan robarsu ba a cire ba. In akwai katin hoto a akwati, a jikinsa ake jona allo. Nasa ma abin ya yi masa biyu, domin furosesarsa Core i5-12400F ce. Duk furosesar Intel da lambarta ta ƙare da F ba ta fitar da hoto da kanta. Haka yawancin Ryzen na kafin jerin 7000, irin su 3600 da 5600X, sai dai masu G a ƙarshe kamar 5600G. Da irin waɗannan, ramin HDMI na madabod ado ne kawai.

Kafin mu buɗe akwati, bari in sallami wani rukuni. In tambarin Dell ko HP ko ASUS yana fitowa, sai daga baya allon ya yi duhu, kai ba ka buƙatar sukundireba. Wannan rigimar Windows ce da direban hoto, wato ɗan shirin da take sarrafa mai fitar da hoto da shi. Danna maɓallin Windows tare da Ctrl da Shift da B a lokaci guda, hakan yana sa direban ya sake farawa. Ko Windows da P, domin wani lokaci tana aika hoton ne zuwa wani allo na biyu da babu shi. In duk ba su yi ba, kashe ta da maɓalli daidai lokacin da Windows ta fara lodi, sau biyu ko uku a jere, za ta kai ka shafin gyara da kanta, daga nan ka shiga Safe Mode, inda take tashi da abin da ya zama dole kawai, ka cire direban da aka sa na ƙarshe.

To, yanzu ciki. Zare wayar wuta daga bango, ba kashe soket kawai ba. Danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 15 don ragowar wutar ta tsiyaye. Wani lokaci wannan kaɗai ke tashinta, don haka mayar da wuta ka gwada kafin ka ci gaba. In ba ta tashi ba, sake zarewa, kwance murfin gefe, taɓa ƙarfen akwatin da tafin hannu don ka sauke wutar jikinka, sannan ka ɗauki hoton cikin da waya kafin ka cire komai. Kuma ga ƙa'idar da ba na sassautawa a kanta ko ga yaran shago: abu ɗaya ake sauyawa, a gwada, sannan a je na gaba. In ka cire ram, ka cire batir, ka sauya waya duk a tashi ɗaya, ko ta tashi ba ka san me ya gyara ta ba, ranar da ta sake yi kuma ka koma farko. In kuma ta ƙara lalacewa, ka yi gyaran gangar Auzinawa ba ka san ta ina ba.

Kwamfuta tana faɗin inda ke mata ciwo, in ka iya harshenta. Tsofaffi da ƙara suke magana, ta wata 'yar sifika baƙa mai kamar maɓallin riga. Gajeren "tit" guda ɗaya a yawancinsu yana nufin kowa ya amsa. Sauran kuwa kowane kamfani da karin harshensa. Dogo ɗaya da gajeru biyu a tsohon BIOS na Award yana nufin hoto ne matsalar, amma a madabod ta ASUS wannan ƙarar tana nufin ba ta ga ram ba, sai dogo ɗaya da gajeru uku ne na hoto. Saboda haka kada ka haddace jadawali ɗaya ka riƙa yanke hukunci da shi. Duba sunan madabod ɗinka, ka nemi nata. Sababbin madabod da yawa sun huta da ƙara, suna da ƙananan fitilu huɗu a gefe da aka rubuta wa CPU (furosesa), DRAM (ram), VGA (hoto) da BOOT (lodin Windows). Wadda ta tsaya a kunne, nan aka maƙale. Su kuma Dell na ofis da maɓallin kunnawa suke ƙifta ido, da launin ruwan lemo: ƙiftawa kaza, ɗan shiru, ƙiftawa kaza.

Ta Alhaji OptiPlex 7010 ce. Na kunna na tsaya ina ƙirgawa: biyu, shiru, bakwai. A wannan samfurin, biyu da bakwai na nufin ta ga ram amma ba ta gamsu da shi ba. Uku da uku kuma ba ta gan shi ba sam. Na buɗe. Ƙurar da ke ciki ba irin ta hunturun Kano ba ce, mai laushi da ake hurewa ta tashi. Ta Jidda tana haɗuwa da danshin Bahar Maliya ta zama kamar danƙo, ta manne a kan komai. Na tambayi yaron inda akwatin yake zama, ya ce a ƙasa, dab da bango, ƙarƙashin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Ka ga ke nan: yini guda iska mai sanyi na dukan ƙarfen, da dare a kashe na'ura a rufe ofis, iska mai ɗumi da laima ta shigo ta sami ƙarfe mai sanyi, sai raɓa ta kwanta, kamar yadda gilashin idonka ke yi in ka fito daga mota a watan Agusta.

Na danna 'yan kunnuwan da ke riƙe da ram ɗin a gefe da gefe, ya ɗago, na zaro shi ina riƙe da gefunansa. Haƙoran nan masu ruwan zinare sun dushe, wasu har da ɗan dishi-dishi. Na shimfiɗa shi a kan takarda, na ɗauko farar kilina irin ta 'yan makaranta, na goga haƙoran a hankali, gaba da baya, har suka dawo suna ƙyalli. Na kaɗe ɓurɓushin da busasshen buroshi mai laushi, don in ya faɗa cikin gurbin ka sayo wa kanka sabuwar matsala. Na hure gurbin da abin hura iska. Sannan na daidaita tsagar da ke tsakiyar haƙoran da ɗan tudun da ke cikin gurbi, na sa manyan yatsu biyu na danna har na ji ƙas, kunnuwan suka rufe da kansu. Nan mutane ke jin tsoro. Ram yana son a danna shi fiye da yadda kake zato, kuma wanda ya shiga rabi ya fi wanda ba a sa ba rikitarwa. Na sa guda ɗaya kaɗai na kunna. Tambarin Dell ya fito. Alhaji ya ajiye kofin shayi ya ce, "Ikon Allah." Na kashe, na goge na biyun na ƙara, ta sake tashi. Ladan bai ma kira magariba ba.

In ba ka da kilina, sinadarin isofurofil da ake wanke kayan lantarki da shi ya fi ta ma, a ɗan jiƙa ƙyalle mara gashi, a bari ya bushe. Ban da sanfefa, ban da reza, ban da man wanke hannu mai yauƙi. Na taɓa karɓar wadda aka fesa wa turare, wai ai shi ma yana da sinadari. Kwana uku shagon yana ƙamshi, ram ɗin dai bai dawo ba.

In gogewa ba ta yi ba, gwada kowane ram shi kaɗai a kowane gurbi, don ka gane ko sandar ce ta mutu ko gurbin. A madabod mai gurbi huɗu, in sanduna biyu gare ka, yawanci a na biyu da na huɗu ake sa su in ka ƙirgo daga wajen furosesa, waɗanda aka rubuta wa A2 da B2. Ga kuma gwajin da nake so: cire ram duka ka kunna. In tana da sifika ta hau kuka, ko fitilar DRAM ta kama, albishir ne, domin madabod da furosesa suna da ran da za su lura an ɗauke musu abu. In ta yi tsit kamar ba abin da ya faru, zargi ya koma kan wuta, ko madabod, ko furosesa.

Masu sayen ram na hannu a haraji, ku karanta takardar da ke jikinsa. In ka ga lamba irin PC3-12800U, wannan U ɗin na kwamfutar tebur ne. In R ka gani a ƙarshe, na manyan kwamfutocin sabar ne. Yana da araha, zai shiga gurbin daram, amma kwamfutar gida ba za ta tashi da shi ba. Su DDR3 da DDR4 da DDR5 kuwa tsagarsu ba wuri ɗaya take ba, in ya ƙi shiga kada ka tilasta. Wanda kuma ya haɗa sabuwa mai DDR5, musamman da Ryzen 7000 zuwa sama, ya yi haƙuri a kunnawar farko: madabod tana iya ɗaukar 'yan mintuna tana auna ram ɗin, allo baƙi, fanka na juyawa. Mutane da yawa a nan suke kashe ta su ce ba ta aiki. Je ka yi alwala ka dawo.

Bayan ram sai batir. A jikin madabod akwai wani mai kamar kwabo, lambarsa CR2032, bolt 3, ana samunsa ko a kantin agogo. Shi ke riƙe agogo da saitin BIOS in an zare wuta. In ya yi rauni, ko wani ya taɓa saitin da bai dace ba, kwamfuta tana iya ƙin nuna hoto. Zare wuta, ɓalle batir ɗin, danne maɓallin kunnawa, jira minti biyar, ka mayar ko ka sa sabo. Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025 wannan aiki ya ƙaru mana, domin mutane suna shiga BIOS su kashe wani saiti da ake kira CSM su kunna wani mai suna Secure Boot don Windows 11 ta karɓe su, alhali katin hotonsu tsoho ne da bai san UEFI ba. Suna ajiye saitin, allo ya ɗauke. Cire batir yakan mayar da komai yadda ya fito daga kamfani. Sai dai hattara da abu biyu. In had-disk ɗinka a kulle yake da BitLocker, wato makullin had-disk na Windows, tana iya tambayarka mabuɗin nan mai lambobi 48, don haka ka tabbata kana da shi a asusunka na Microsoft ko a rubuce. Sannan saitin SATA, wato yadda madabod ke magana da had-disk, yana iya sauyawa tsakanin AHCI da RAID, Windows ta ƙi lodi; mayar da shi yadda yake, ba wani abu ba ne.

Katin hoto ba shi da dogon bayani. In furosesarka tana fitar da hoto da kanta, cire katin gaba ɗaya, kada ka manta da ɗan maƙallin da ke ƙarshen gurbinsa, ka jona allo a madabod. In hoto ya zo, ka kama ɓarawo. Goge haƙoransa kamar na ram, mayar da shi ya zauna sosai, ka tabbata wayar wutarsa mai rami 6 ko 8 ta shiga har ta yi ƙas. Kada ka yanke masa hukunci don fankarsa ba ta juyawa. Sababbi da yawa ba sa juya ta sai sun ɗau zafi.

Sai akwatin wuta, wanda muke ce wa pawa. Wayoyi biyu ne manya ke fita daga cikinta zuwa madabod: mai faɗi mai rami 24, da ƙarama mai rami 4 ko 8 da ke can sama kusa da furosesa. Wannan ƙaramar ita ake mantawa. In ba ta shiga ba, fankoki za su juya, fitilu su kama, furosesa kuwa tana zaune da yunwa. A tsofaffin pawa kuma duba baya, kusa da inda wayar bango ke shiga, ko akwai ɗan jan makunni mai 115 da 230. Mu a nan wannan ba wasa ba ne. Tun 2010 gwamnati ta yanke a koma 230, amma har yau tsofaffin gidaje da yawa a Jidda da Makka suna da soket iri biyu, wanda muke ce wa na 110 da na 220, wani lokaci a bango ɗaya. In makunnin yana kan 230 ka jona a ƙaramar wuta, ba za ta ƙoshi ba. In yana kan 115 ka jona a babba, ƙara za ka ji da hayaƙi.

In kana da mitar auna bolt, wayar ruwan ɗorawa bolt 12 ce, ja 5, mai ruwan lemo 3.3, baƙa kuma ita ce ƙasa. An yarda su kauce da kashi 5 cikin 100, wato ta 12 kada ta gaza 11.4 ko ta wuce 12.6. Dell da yawa suna da ɗan maɓallin gwaji a bayan pawa da koriyar fitila kusa da shi. Amma ni na fi yarda da aron wata pawa da na san lafiyarta in jona in gani, domin akwai wadda ke nuna lamba mai kyau a mita, da an ɗora mata kaya ta durƙushe. Ka lura dai, wasu Dell da HP na ofis suna da nasu kan waya na daban, 9020 misali mai rami 8 ne maimakon 24, pawar kasuwa ba za ta shiga ba sai da abin juyi. Kuma ko kusa kada ka kwance murfin pawa. Manyan kafasitocin da ke ciki, wato gwangwanayen da ke tara wuta, suna riƙe wutar da za ta iya kashe mutum bayan an zare ta daga bango. Garin neman gira kada a rasa ido.

In duk ka bi waɗannan shiru, saura gwaji na ƙarshe da nake yi kafin in ce madabod ce. Ina fito da ita daga akwati in ɗora a kan kwali, da furosesa da fankarta, ram ɗaya, pawa da allo kawai. Ba had-disk, ba wayoyin USB na gaba. Na sha ganin ramin USB da ya karye a ciki, ko noti ɗaya da ya gangara bayan madabod, ya hana kwamfuta tashi. A nan ne kuma nake duba kafasitoci, 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye: kansu a shafe ya kamata ya kasance, in ya kumbura ko ya fitar da wani abu mai ruwan ƙasa sun gama aiki. Kwamfutocin da aka ƙera daga wajen 1999 zuwa 2007 sun yi ƙaurin suna da wannan. Furosesa ita ce ta ƙarshe da nake zargi, don ba kasafai take mutuwa ba sai in an taɓa ta. A Intel alluran suna cikin gurbin madabod, siraran gaske, ɗaya ta karkace ta isa. A Ryzen na gurbin AM4 suna jikin furosesar, kuma in man da ke tsakaninta da fanka ya bushe, kana jan fankar sai ta taho da ita. Murɗa fankar hagu da dama a hankali kafin ka ɗaga. Akwai kuma madabod mai lafiya da ba ta san furosesar ba kawai, kamar B450 da ta daɗe a kanti aka sa mata Ryzen 5000. Sai an sabunta BIOS, ko da tsohuwar furosesa ta aro, ko ta filashi in tana da maɓallin yin hakan a baya.

In ta tabbata madabod ce, kuma kwamfutar ta haura shekara goma, ni ba na ba da shawarar a kashe mata kuɗi. Sau da yawa abin da za ka biya ya kusa sayen wata irinta sukutum a haraji. Zare had-disk ɗinka tukuna, ka sa shi a ɗan gidan USB ka kwashe kayanka a wata kwamfutar, kafin akwatin ya bar hannunka zuwa wajen 'yan gwangwan.

Alhaji ya zaro riyal 100, na ce 30 ta isa, muka yi ta ja har ya bar 50 ya ce sauran na shayin yara ne. Na roƙe shi abu biyu: ya ɗaga akwatin daga ƙasa ya kawar da shi daga bakin mukayyif, kuma duk Alhamis yaron ya kwafe lissafin a filashi, har na sa masa sabo guda a leda. Akwatin dai an ɗaga, yana kan tebur yanzu. Filashin kuwa, da yaron ya zo sayen kibod a watan jiya na tambaye shi, ya sosa ƙeya ya ce yana nan a durowa, ba a ma yage ledar ba.